Katin Mama Yana Hannunsu

Lamashegu, Tamale
Talata, 14 ga Oktoba 2025, ƙarfe 4:20 na yamma, ina ɗakina bayan tashi daga aiki

Yaya Hairat,

Assalamu alaikum. Ya jikin Mama? Ya yara da mutanen Kumasi? Ni lafiya lau, aikin bautar ƙasa yana tafiya. Sai dai gidan da nake haya Dagbanci ake yi, nakan yi kwana biyu ban yi hira da kowa ba.

Kada hankalinki ya tashi. Tun Agusta nake caca a wani shafi ta waya. Na san haramun ce, amma masu shafin ne kaɗai ke turo mini saƙo kullum da sunana. Ran 2 ga wata sidi 640 suka ɓace daga asusuna, alhali ban buga ba. Da na yi ƙorafi, suka ce sai na tura hoton katin shaidar mai layin. Kin san da sunan Mama aka yi wa layina rajista. Ran 5 na tura musu hoton katinta da ke cikin wayata, gaba da baya. Kwana tara ke nan shiru, jiya kuma shafin ya daina buɗewa.

Kuɗin na haƙura da su. Don Allah, in baƙuwar lamba ta kira Mama, kada ta faɗi lambar sirrinta. Allah ya ƙara mata lafiya.

Abin da ban sani ba: su wane ne, a wace ƙasa suke, ko ana iya cin bashi da katin, sannan ni zan gaya wa Mama ko ke.

Ƙaninki,
Abdulshakur