Gorar Ruwan Teku

Asabar da dare, Tudun Wada

Mun dawo daga Ikko, ƙafafuna a kumbure, amma barci ya ƙi zuwa. Ɗalibaina sun ga teku!

Saura ƙiris mu rasa. Injin jirgin ruwan da muka yi haya ya mutu tun ba mu kai bakin teku ba, ga motar gida za ta tashi da la'asar. Mai jirgin ya ce igiyar masunta ce ta naɗe farfela. Sai Sadiƙu ya miƙe yana naɗe wando: "Malama, mu sauka mu tura mana, kamar mota a Kwangila!" Na damƙo rigarsa, kowa na dariya.

Ban da Hadiza. Ta rungume gorar da kakarta ta ba ta don ta ciko ruwan teku, domin tsohuwar ta ce sai ta ɗanɗana za ta yarda akwai ruwa mai gishiri. Na miƙa wa mai jirgin rezar fiƙe fensirina, aka yanke igiyar, inji ya tashi, muka isa.

Ɗazu Hadiza ta kira ni tana ihu. Wai kakar tata Inna ta kurɓa, ta tofar, ta ce a ajiye mata sauran, a miya za ta zuba.