Kalmomin da Suka Rage wa Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da ɗalibanka da allonka. Mu dai muna nan yadda ka bar mu, in ma kana tuna yadda ka bar mu.

Wasiƙa na rubuto maka domin a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ina fara magana sai ka ce an kaɗa ƙararrawa, za ka shiga aji. Takarda ba ta da ƙararrawa, sai ka karanta ta har ƙarshe.

Direba ya kawo mini saƙonka. Da na ga kwali na ɗauka magani ne ko zannuwan gado. Ina buɗewa sai ga katuna, an ɗaure su da roba kashi-kashi, gaba Turanci, baya Sifaniyanci, da kyakkyawan rubutun nan naka. Ni mutum na ce maka ina nema, ka aiko mini da takarda.

Bari in sake gaya maka halin da ake ciki, tunda da alama ka manta. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, Hausa ta fita daga bakinsa. Likita ya ce hakan na faruwa, harshen da mutum ya tashi da shi ya tafi, wanda ya tsinta da girmansa ya zauna. Abin da ya rage masa shi ne Sifaniyancin da ya koyo shekarun da ya yi yana aiki a jirgin kamun kifi, wanda ko sau ɗaya bai taɓa yin sa a gida mun ji ba. Na rufe shagon ɗinkina, na kwantar da shi a ɗakin baƙi. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke ba shi abinci a cokali. Baban yara kuma na ga alamar ya fara gajiya da lamarin.

Katunan naka na gwada su. Ka san iyakar Turancina, na awon kafaɗa da ƙugu ne. Sai in tsaya da kofi a hannu ɗaya, kati a ɗayan, in yi ta laluben abin da Turancin ke nufi, sannan in juya in karanto masa beber. Kallona kawai yake yi. Akwai wanda ka rubuta look after, bayansa cuidar. Wannan na gane shi sarai, kula da mutum ke nan, har na yi mamakin ashe ka san da kalmar.

Abin da shi yake faɗa kuwa babu shi a katunan. Kullum kalmomin ke nan, da ƙarfi, yana zare ido. Ga su yadda kunnena ya ji: fuwera, kayate, rafido, inutil. Ka gaya mini ma'anarsu. Ka kuma gaya mini ranar zuwanka, rana mai suna nake so, ba “nan ba da jimawa ba”.

Ka huta lafiya.

Yayarka


Zuwa ga Yayata mai daraja,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata Baba yana samun sauƙi. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da mafificin alheri. A gaishe mini da Baban yara da yaran duka.

Na karanta wasiƙarki, kuma na ga ɓacin ranki. Ki ba ni dama in amsa ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, ni malamin Turanci ne, ba na Sifaniyanci ba. Na nemi ƙamus mai haɗa Hausa da Sifaniyanci ban samu ba, shi ya sa dole aka bi ta Turanci. Katunan nan ba a tsaitsaye na yi su ba. Masu jar roba aikatau ne na yau da kullum, kamar ci da sha da barci. Masu baƙar roba su ne aikatau masu tafiya da 'yar rakiya a Turanci, waɗanda Sifaniyanci ke dunƙule su a kalma ɗaya: get up shi ne levantarse, lie down kuma acostarse. Sauran sunaye ne, irin su agua, wato ruwa, da dolor, ciwo, da almohada, matashin kai. In kina ɗaukar kaɗan-kaɗan kullum kina maimaita masa, za ki ga canji.

Na biyu, kalmomin da kika rubuto, daidai rubutunsu shi ne fuera, cállate, rápido, inútil. Maganar cikin jirgi ce, ba ta da wani amfani a jinya. Ina ba ki shawara kada ki ɓata lokacinki a kansu.

Na uku, batun zuwa. Muna tsakiyar jarrabawa, kuma babu wanda zan bar wa ajina. Da zarar an kammala zan duba yadda za a yi.

Ki ƙara haƙuri, Yaya. Na san ba sauƙi.

Naki har kullum,

Ƙaninki


Malam,

Salama dai wajibi ce, to na yi maka ita.

Na san ma'anarsu yanzu. Matar da ke zuwa daga asibiti tana motsa wa Baba gaɓoɓi tana da waya mai fassara. Yana cikin yi mini tsawar nan tasa ta kara wayar kusa da bakinsa, ta duba, sai na ga tana ƙoƙarin tura ta aljihu. Na fizge. Ita ta ƙarasa fassara mini da bakinta, kanta a ƙasa, Baban yara na tsaye a bakin ƙofa yana ji.

Fita waje. Rufe bakinki. Yi sauri. Mara amfani.

Wata da watanni ina amsa masa da “To, Baba”, ina murmushi. Wallahi akwai ranar da na gama wanke shi ya ce inutil, na ce amin, na ɗauka albarka yake sa mini.

Kai kuwa ka sani. Har zama ka yi ka gyara mini rubutun zagin, da 'yan ɗigo-ɗigo a kan haruffa, don in riƙa shan sa daidai. Wannan ya fi zagin kansa yi mini ciwo.

Kai Baba ya kai makaranta har ka gaji, ni ya zaunar da ni gaban keken ɗinki. Ban taɓa buɗe baki na yi ƙorafi ba. Na ce ai shi uba ne, ya san abin da ya gani. To yanzu da kara da kunya suka fita daga bakinsa tare da Hausar, na ji abin da ya gani ɗin. Bayana ya ƙage saboda ɗaga shi, masu kawo mini ɗinki sun koma wajen wata, yarana sun daina gayyato ƙawayensu saboda warin ɗakin, kuma ni ce mara amfani. Mai amfanin yana can yana ɗaure katuna da roba.

Raina ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci ba, kuma na yanke shawara. Na je gidan kula da tsofaffi na bayan asibiti, suna da gado. Ƙarshen wata zan kai shi. Can sai ya zagi waɗanda aikinsu ne su ji. Ba shawararka nake nema ba, sanar da kai nake yi don kada ka ce ba a gaya maka ba.

Wassalam.

Mara amfani


Yaya,

Ina gaishe ki. Yau ba ni da natsuwar doguwar gaisuwa.

Ke kaɗai ce mai zuciya a gidan nan? Kin zauna kin yanke wa Baba hukunci da wayar baƙuwa, ni ma kin yanke mini. To ki saurara, zan karya alkawarin da na riƙe shekara da shekaru, kuma ke kika sa.

Shekarar da na gama sakandare na tafi tashar jiragen ruwan da yake aiki ba tare da na sanar da shi ba, wai in ba shi mamaki. Kin tuna yadda yake dawo mana, da kwat da turare da alewa, yana cewa shi ne mai kula da injin? A takalmin roba na same shi, yana dakon akwatunan kifi da ƙanƙara, hannuwansa duk sun tsattsage. Wani shugaban ma'aikata da bai wuce Baba ya haife shi ba yana tsaye a kansa yana zuba masa kalmomin nan huɗu, su ɗin dai, ba ragi. Baba kuwa gudu yake da akwati a kafaɗa. Da ya hango ni ya ja ni bayan wata mota, ya shaƙe wuyan rigata, ya ce, “In yayarka ta ji wannan, ban yafe maka ba.” Ke ya ambata. Ko marigayiya Mama bai ambata ba.

Ki tambayi kanki, tun da ya kwanta kin taɓa jin ya ce ruwa, ko ciwo, ko na gode da Sifaniyancin? Ba shi da su. Duk zaman da ya yi a can babu wanda ya taɓa ce masa sannu. Abin da aka jefe shi da shi kawai ya tsinta, shi ne kuma ya rage masa. In yana jin ƙishirwa da su zai faɗa, in yana jin kunya da su zai faɗa. Katunan da kike yi wa dariya na yi su ne da fatan ko zai kama kalma ɗaya mai laushi daga bakinki.

Batun jarrabawa gaskiya ne, amma ba ita ta hana ni zuwa ba. Ranar da na zo asibiti ya buɗe baki, muryar mutumin nan na ji tana fitowa daga bakin ubana. Na fita, ban tsaya ko'ina ba sai tashar mota. Ki kira shi ragwanta in kin ga dama.

Kada ki kai shi, Yaya.

Auta


Auta,

Assalamu alaikum. Na ga wasiƙarka, na ƙi amsawa da gangan, domin ba ta sanyaya mini rai ba ko kaɗan. Ka rufa wa Baba asiri, ni kuma ka bar ni ina amsa amin a kan zagi. Kuma kai ba ka shiga zuciyarsa ba balle ka san abin da yake nufi. Ni yake kallo in ya faɗa, ba bango ba.

Don haka ranar da na ce, na kai shi. Da safe ne, an goge ƙasa da maganin nan mai hawa kai, tsofaffi jere a baranda kowa na kallon gabansa. Wani ma'aikaci ya zo karɓar sa, ƙato, yana sauri. Ya tafa hannu ya ce, “Tsoho, tashi mu gani, yi sauri, akwai wasu a bayanka.”

Hausa ya yi, wadda Baba ya daina ganewa, amma muryar ya gane. Mutumin da ko zama ba ya iyawa sai na tallafe shi, ya cire hularsa da hannun mai lafiya, ya dafa keken marasa lafiyan da na turo shi a kai, ya yunƙura zai miƙe tsaye, kansa a sunkuye. Yana ta cewa si hefe, si hefe, da wata ƙaramar murya da ban taɓa sanin yana da ita ba. Kada ka gyara mini rubutun. Na tambaya an gaya mini, “to, maigida” yake cewa. Da ban tare shi ba, da da fuska zai sha ƙasa.

Na wanke ma'aikacin nan tas da faɗa, har masu shara suka taru. Yana ta cewa, “Ni me na yi, baiwar Allah?” Gaskiyarsa kuma, bai yi abin da ba ya yi kullum ba. Na mayar wa Baba hularsa, na juya keken. A mota ya dube ni ya ce inutil. Na ce, “Kai ma haka, Baba,” na goge masa baki.

Ya dawo ɗakinsa. Ba don kai ba, ba kuma don na huce ba. Ba zan iya barin sa inda zai ƙarasa rayuwarsa yana cire wa mutane hula ba, shi ke nan.

Amma ni kaɗai na kasa, ka ji na faɗa da bakina. Ranar Litinin zan buɗe shago, in ba haka ba gidana ne zai watse. Daga safe har azahar babu kowa a gidan. Zai kwanta shi kaɗai yana yi wa silin tsawa, in ya ɓata jikinsa ya zauna a ciki har in dawo. Kai ka ga abin da aka yi masa tun kafin ni. Sai ka san abin da za ka yi da ganin naka.

Ka huta lafiya.

Yayarka


Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na bar wa wani ajin. Ina cikin motar Asabar, da jakata babba.

Ban san ko zan iya ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Abu ɗaya nake roƙo. In na shiga ɗakin ya buɗe baki, kika ga na juya zan fita, ki tare ƙofar.

Sai na iso.

Auta