Ƙusa da Asuba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

An kwantar da Baba a asibiti jiya Litinin. Bakinsa ba ya buɗuwa, wuyansa ya sandare. Likita ta ce cutar sarƙe haƙora ce. An saka shi a ɗakin ƙarshe, an rufe labule, don ko ƙarar cokali yana sa bayansa ya gantsare.

Ta tambaye ni ko ya ji rauni kwanan nan. Na ce ƙusar da ya taka a shagon kafintarsa, kwana goma sha ɗaya ke nan. Ta ce me muke ba shi tun da haɓarsa ta fara ciwo. Na zazzage mata jakar da ka aiko, kwalbar ƙwayoyin maganin magnesiyam da ƙunshin garin gishirin nan na jiƙawa a ruwa. Ta dube su, ta dube ni, ta ture su gefe. Gara ta zage ni.

Na faɗa maka zancen ƙusar, Yaya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiya.

Ina so mu daidaita magana. Ban taɓa jin zancen ƙusa ba. Saƙonki yana nan a wayata, ga shi yadda kika rubuta: "Baba ya taka kusa da asuba, amma ya ce ba zafi." Kin san makonni biyu jijiyar ƙwaurinsa tana ɗaurewa, da ƙyar yake miƙewa. Na ɗauka kina yi mini albishir cewa ya tashi ya taka, wajen asuba. Har hamdala na yi.

Da kika ce haɓarsa tana ciwo, na tuna yadda yake cije haƙora a barci tun rasuwar Mama. Shekara tara ina kantin magani. Mai ɗaurewar jijiya da ciwon muƙamuƙi ya zo, abin da muke miƙa masa ke nan, kuma da yawa suna dawowa da godiya.

A gaida Baba.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa.

Na duba saƙon. Haka na rubuta. Wayata ba ta da harafin ƙ mai lanƙwasa, shi ya sa yanzu nake rubuto maka da biro, kowane harafi da ƙugiyarsa, kada ka sake yin hamdala.

Amma da ka ɗaga waya, da ka ji kalmar da kunnenka. Sau uku na kira ranar. Ka ce akwai mutane a gabanka, in rubuto. Ranar da na ce cokali ba ya shiga bakin Baba, ka ce in daka ƙwayar in jiƙa, ya zuƙa da tsinken shan lemo. Na ce masa mu je asibiti, ya ture hannuna. Ta tsakanin haƙora ya ce, "Ɗana likita ya riga ya duba ni." Kai da ko hotonsa ba ka nema ba. Shekara tara yana kiran ka likita a gaban abokansa, ba ka taɓa gyara masa ba.

Ban wanke kaina ba. Ni na ga ƙusar, da tsatsarta, na wanke ƙafar da ruwan ɗumi na ɗaure da tsumma.

Ga abin da zai yi maka daɗi: su ma magnesiyam suke ɗura masa ta jijiya, don rage fizgar. Na tambayi likita ko namu ya taimaka. Ta ce namu kwana shida ya ci mana.

Auta

*

Auta,

Salam. Na karanta sau biyu. Na nemi izini wurin mai kanti, zan taso Asabar. Idan yana ji, ki gaya masa ni ba likita ba ne. Ko ki bari, in na zo in faɗa da bakina.

Yayanki

*

Yaya,

Salam. Ban gaya masa ba, an hana yin magana a ɗakin.

Numfashinsa ya fara sarƙewa yau da hantsi. Likita ta ce sai an saka masa injin numfashi, kuma guda biyun da suke da su duk da mutane a kai. Sun ce watakila a cire wa ɗaya gobe. Ba su tabbatar ba tukuna.

Auta