Bencin Horo

Jalingo, Maris 1953

Zuwa ga matata Furera,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jego, yaya ruwan zafi? Ɗan baƙonmu yana kama nono sosai? Ki gaishe mini da Inna da Baba da duk mutanen Zazzau. Ni ƙalau nake, in ban da abin da za ki ji.

Bayan haka, har yau majami'armu ba rufi. Jinkar da kika bari tana yoyo gara ta ƙarasa ta, mun sauke, ga hadari ya soma haɗuwa ta kan duwatsu. Na kira gayya, na yi wa'azi kan Nehemiya da ganuwar Urushalima har muryata ta dushe, kowa ya ce amin. Asabar ta zo, amin ɗin ta yi zamanta a gida. Akawu ya aiko wai hannunsa na alƙalami ne. Dattijo Saleh kuma ƙugunsa ya tashi, ƙugun da ke kai shi kasuwa kullum bai taɓa fashi ba. Daga ni sai Manga, leburan hanyan nan ɗan ƙabilar Mumuye da kika koya wa karatu, wanda za a yi wa baftisma watan gobe. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To, na gwada, huɗu ma ba sa ɗauka.

Baturen mishan ya ce in ya zo rangadi ya tarar da wurin a kintse zai sa sunana a makarantar fastoci. Na gaji, Furera. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Ɗantani

Jalingo, Afrilu 1953

Furera tawa,

Ina fata kina lafiya, ke da yaro da mutanen gida. Ina kewar tuwonki, har da faɗanki.

An yi wa majami'a rufi, amma kada ki yi saurin guɗa. Manga ya hau dutse ya sauko da danginsa maza, kafin rana ta faɗi sun ɗora jinka sun baibaye ta tsaf. Ni kuwa ina ta zagaye ina washe baki, wai ashe Nehemiya ya yi aiki. Sai da na ga sun nufi gidan Manga a unguwar Kachalla Sembe suna waƙa na gane. A wurinsu ba a gayya sai da burkutu, wanda ya kira gayyar shi ke ajiye tukwane. Dawar da Manga ya tanada don damina ya kwashe kaf ya ba gwaggonsa ta dafa. Shi ko ɗanɗanawa bai yi ba.

Kin san wanda ya riga kowa kai wa Bature labari? Mai ciwon ƙugu. Kin kuma san doka: wanda ya dafa ko ya shayar, sai horo. Zai zauna bencin baya shi kaɗai, baftisma sai baɗi. Ni aka ce in sanar da bakina.

Na yi gardama da Bature har na ji kunyar kaina. Na ce mutumin nan bai sha ba, kuma inuwar da muke zaune muna yanke masa hukunci shi ya yi ta. Bature ya saurara har ƙarshe, ya ce in aka ɗaga wa ɗaya, gobe kowace majami'a da giya za a rufe ta. Ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ƙara da cewa wanda ba ya iya horo bai isa fasto ba.

Na je wurin Manga ban san ta inda zan fara ba, shi ya sauƙaƙe mini. Ya ce, "Malam, ni na san doka kafin a dafa. Ka faɗa kawai. In kai ba ka faɗa ba, za su kawo wani malam, shi bai san sunanmu ba."



Naki,
Ɗantani

Jalingo, Mayu 1953

Zuwa ga Furera,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke da ɗanmu. Na ji kun yi arba'in lafiya, mun gode Allah.

Na faɗa, Furera. Na tsaya gaban jama'a na kira sunan Manga. Ya tashi bai dubi kowa ba, ya je ya zauna can bakin ƙofa. Aka rera waƙa, ban san me aka rera ba.

Lahadin da ta biyo, muna shirin farawa sai ga danginsa sun sauko daga dutse. Kin tuna sau nawa na hau wurinsu da bishara, su ba ni ruwa su sallame ni. Yau ga su da ƙafarsu, fuska a murtuke. Suka zauna kewaye da Manga, benci bai ishe su ba har ƙasa. Babbansu ya ce sun zo ne su ga gidan da mutum ke rufewa a mayar da shi bakin ƙofa.

Na tsaya bayan tebur da wa'azin da na shirya, na ga ba shi da amfani. Masu gyaran murya a gaba, masu bukatar magana can baya. Raina ya ɓaci, da su, da doka, da kaina. Sai na ɗauki Littafi na ratsa tsakiya, na je na tsaya kusa da Manga na buɗe. Dole na gaba suka juya bencinsu. Baƙin ba sa jin Hausa sosai, don haka Manga ya miƙe yana juya musu da Mumuye, mutumin da doka ta ce ko addu'a kada ya ɗaga murya. Babu wanda ya fita har muka gama.

Ban ɗage horon ba, ba ni da wannan iko. Ban kuma sani ba ko fushi ya kai ni can ko Ruhu, ina ta tambayar Ubangiji. Amma Saleh tun asubar Litinin ya hau keke ya nufi mishan.

Saboda haka ki daina gaya wa Inna za ki zama matar fasto. Ki ɗauko yaro ki dawo kafin hanya ta ɓaci. Mutanen dutse sun ce za su sake zuwa ran Lahadi, kuma akwai mata a cikinsu da ba su da mai koya musu.

Ni ne mijinki mai ƙaunarki,
Ɗantani, mai bishara