Ɗigo Biyu a Ƙarƙashin Jar Mota

Akpakpa, Kwatano
4 ga Oktoba, 2003

Zuwa ga Sagbo, abokin tagwaitakata,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da sanyin Faransarku. Ka gaida min 'yata Houéfa, in har an bar ta ta tuna tana da wani uba mai baƙin farce a Kwatano. Mu nan lafiya lau, ko da yake ba ka tambaya ba.

Wasiƙarka ta iso. Shekara uku ko layi ɗaya babu. Ranar da aka binne Mama furen roba ka aiko a kwali. Amma yau da ka ji labarin wata tsohuwar motar tsere a unguwar Fidjrossè, sai ga shafi biyu cike fal, har da "ɗan'uwana abin ƙauna". An ce don tuwon gobe ake wanke tukunya, kai taka ko ɗauraya ba ka yi ba.

Duk da haka na je na duba maka ita, don kada ka ce hassada ce. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ƙirar Italiya ta shekarar sittin da tara, rufinta na tamfol ana naɗe shi. Dillalin, wani yaro Dansou mai haƙorin zinariya, ya tare ni da, "Babban maigida, wannan ai ba mota ba ce, amarya ce." Na ce, "Amaryar da ta girme ka? Matsa min in ga ƙafarta."

Gaskiya injin yana da rai. Murɗa ɗaya ya tashi, ba hayaƙi ba tari, giya tana shiga sumul. Amma ni shekara talatin da bugun jikin mota nake ci. Na naɗe maganaɗisu a tsumma na bi jikinta da shi. A kan ƙarfe yana kamawa, inda aka cike rami da ƙwaɓi aka shafe da fenti kuwa sai ya faɗi. Sau tara ya faɗi, Sagbo. Iskar teku ta cinye gindin ƙofofin. Kayan gyaranta, ko ka zazzage kasuwar Dantokpa kaf ba za ka samu fitila ɗaya ba. Ga ta ƙasa-ƙasa, ruwan farko a titinmu zai kai mata wuya.

Dansou ya hana ni shiga ƙarƙashinta, wai rigata za ta ɓaci. Ni! Ranar Asabar zan koma da jak ɗina, sai na ga cikinta zan gaya maka ko ta cancanci saye.

Shekara biyu ka ce yarinyar za ta yi a wurinka ta yi karatu. Bana sha biyar ke nan. Ni dai ban iya lissafin Turawa ba.

Naka, ko kana so ko ba ka so,
Zinsou

Akpakpa, Kwatano
13 ga Oktoba, 2003

Zuwa ga uwargidana Akouavi,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Yaya Parakou, yaya jikin Mamarki? Allah ya ƙara mata sauƙi ki dawo, don tuwon masarar da nake tuƙa wa kaina ko kare ya ƙi shi.

Akouavi, ki karanta wannan ki ƙona. Na shiga ƙarƙashin motar da Sagbo yake so ya saya. Na ga an malale tsakiyarta da kwalta mai kauri, na sa wuƙa na kankare. Sai ga walda ta ratsa ta daga gefe zuwa gefe, daidai ƙarƙashin kujeru. A ƙarshen waldar kuma ɗigo biyu, gefe da gefe. Kin san ni, ɗan tagwaye ba ya rufe aiki da ɗigo ɗaya. Duk Kwatano ba mai wannan shaida sai ni.

Kin tuna koriyar motar nan da tirela ta raba gida biyu a Godomey, shekara sha ɗaya da suka wuce? Wadda mai ita ya samo bayan wata irinta a bola na haɗa masa? Ya rantse min ado kawai za ta yi a tsakar gidansa, ba za ta hau titi ba. Ita ce. An yi mata jan fenti, ta canza hannu ban san sau nawa ba. Tsatsa ta ci waldar, saura ƙiris. Rami ɗaya mai kyau a hanyar Ouidah zai ɓalle ta.

Na fito ina kaɗe riga, Dansou ya ce, "Tsoho, ka ga zinariya ko?" Na ce, "Na gani."

A ranar na rubuta wa Sagbo kalma uku: tana lafiya, saya.

Na san abin da za ki ce, ki riƙe. Zai zo a watan Janairu don biki a Ouidah, ya shiga gari cikin jar mota ana yi masa tafi, mutumin da bai zo ya zuba wa uwarsa ƙasa ba. To ya shiga. Tuƙin Sagbo tuƙin kunkuru ne, ba abin da zai same shi. So nake cikinta ya zube da shi a tsakiyar titi, ya zauna a ƙasa da kwat ɗinsa, 'yan acaɓa su kewaye shi suna dariya. Sau ɗaya a duniya a ce shi ne abin tausayi, ba ni ba. Ya raba ni da 'yata, yanzu shi take kira Papa. Ina jin haushinsa har cikin haƙorana, Akouavi, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Ki gaida mutanen gida. Ki taho min da cukun nan na arewa.

Mijinki,
Zinsou

Akpakpa, Kwatano
20 ga Nuwamba, 2003

Sagbo,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Zauna kafin ka ƙarasa karantawa.

Motar da ka saya babu ita. Ni na kashe ta, da rana tsaka, a gaban shaidu.

Ranar Litinin kati ya zo daga Houéfa, na farko da hannunta cikin shekara shida. Ta ce ta gama karatu, Papa Sagbo ya saya mata jar mota tukuici, kuma tare za ku zo. Ta ce, "Papa Zinsou, ni zan tuƙa ka zuwa Ouidah da kaina, ka riƙe hularka da kyau don ni gudu nake yi."

Kai wane irin mugu ne? Shafi biyu ka cika da surutu, ba ka iya rubuta min cewa motar ta yarinyata ce ba? Wai ba-zata za ka yi min! Kullum haka kake, kai ke yanke komai, mu sai dai mu ji a bakin duniya. Da ka faɗa tun farko da ban yi abin da na yi ba.

Ga abin da na yi. Na yi maka ƙarya. Motar rabi biyu ce aka haɗa, ni na haɗa ta shekara sha ɗaya da suka wuce, na gane aikina, na kuma ce ka saya don ka kunyata. Ban yi nufin jininka ba, amma na yi nufin mutuncinka, kuma da kai ne za ka tuƙa da har yau ban buɗe baki ba.

Na san in na rubuto maka za ka ce hassada ce, ka kira wani ya shafa fenti ya ce lafiya. In kuma ka fasa, Dansou zai sayar wa ɗan wani. Sai na saɓa babbar guduma na nufi Fidjrossè. Na ɗaga motar, na kankare kwaltar kaf, na kira masu walda da makanikai na layin na ce su leƙa. Tsoho Agossa ya leƙa ya ɗago ya ce, "Zinsou, ɗigo biyu nake gani." Na ce, "Idonka lafiya lau. Nawa ne."

Dansou yana ihu, "Mahaukaci! An riga an saya, ta mutane ce!" Na ce, "Ta ɗan'uwana ce, cikinmu ɗaya, je ka kai ƙara." Bugu uku na yi mata. A na uku ta buɗe baki, kujerar direba ta faɗo ƙasa tim. Na tsaya ina kallon kujerar nan da Houéfa za ta zauna a kai.

Kafin yamma labari ya gama Akpakpa. Mutum huɗu sun zo sun janye motocinsu daga garejina, ɗaya ma ba fenti a jikinta. Shekara talatin ana cewa in Zinsou ya ce ƙarfe ne to ƙarfe ne. Yanzu in na wuce sai a ce ga mai ɗigo biyu. Na ci wannan, ni na dafa shi.

Amsar tambayarka ta farko ke nan: ba ta cancanci saye ba. Injin yana nan lafiya, ka sa a gidanka ka riƙa kallo.

Kada ka ɓoye wa Houéfa, ka ba ta wasiƙar nan ta karanta da idonta. In bayan ta karanta tana son zuwa, tsohon babur ɗina yana nan, ni zan goya ta zuwa Ouidah, kuma a hankali za mu tafi. Kai kuma ka zo ko kada ka zo. Waken tagwaye da manja za a dafa kamar kowace shekara, kwano biyu za a zuba. Shekara sha biyar ina cin nawa ina kallon naka yana hucewa. Ban ce na yafe maka ba, ban kuma roƙi ka yafe min ba. Ka dai kawo min 'yata.

Abokin tagwaitakarka,
Zinsou