Jininka a Cikin na Masu Lafiya

Zuwa ga mahaifina, Malam Isyaku na Toranke.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamaci 'ya ga mahaifinta, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji. Baba, akwai maganar da ban faɗa maka ba kana raye. Yau zan faɗa, ko da jama'a za su karanta.

Ka tuna ranar da na zo gida daga Kano da allurai da 'yan kwalabe a cikin kula mai ƙanƙara? Bincikena na digiri na biyu a kan ciwon dajin hanta ne. Ina da jinin marasa lafiya, ina neman na masu lafiya in kwatanta. Dawowarka daga gona ke nan, ko ƙafa ba ka wanke ba, ka naɗe hannun riga. Ka ce, "Ɗebi da yawa, Rabi. Duk Toranke babu mai lafiyata."

Ka tambaye ni me nake nema a ciki. Na ce maka a kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai umarnin da ya gada daga iyaye. Akwai 'yan aike, ana ce musu RNA, masu kai umarnin nan a gina jiki. Akwai kuma wasu RNA ɗin da ba sa gina komai, aikinsu kawai su buɗe wannan umarni, su rufe wancan. In suka rikice, sai su rufe wanda ke hana ƙwayoyin jiki hayayyafa barkatai, ko su saki wanda ke zuga su. Daga nan ƙari ke tsirowa. Sai ka ce, "Wato mai tare ruwa a lambu. Bai shuka komai ba, amma in ya kuskure, albasa ta ruɓe."

Bayan makonni sakamako ya fito. Ɗaya daga cikin ƙananan RNA ɗin nan ya hau a jininka, kamar yadda ya hau a na marasa lafiyar. Na sake gwadawa, haka ya fito. Na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya ce wannan bai zama gwajin asibiti ba tukuna, abubuwa da yawa suna iya ɗaga shi, wataƙila ma jinin ya lalace a hanya. Amma ya ce in kai ka a ɗauki hoton ciki, hankali ya kwanta.

Na zo lokacin cirar gyaɗa. Na tarar da kai da buhu a kafaɗa, kana yi wa Yaya Sani tsiya wai ya girmi ubansa. Na ce mu je asibitin Gaya a ɗan duba ka, ban faɗi dalili ba. Ka ce sai an gama kai amfani gida. Wallahi Baba, daɗi na ji da ka ƙi. Na koma Kano, na ware jininka gefe, na ce wa kaina kuskure ne.

Bayan babbar Sallah idanunka suka yi ɗorawa, cikinka ya fara kumbura. Daga Gaya aka tura mu Kano. Likita ya miƙo min takarda. Babu kalmar da ban gane ba a cikinta, kuma abin da na iya yi maka da duk ganewar shi ne ba ka kunu a cokali.

Wata safiya kana jingine da katanga ka ce, "Rabi, karatun naki bai kawo nan ba tukuna, ko?" Babu zargi a muryarka. Na ce bai kawo ba. Ka ce, "To, ki ci gaba."

Na tambayi likitan, da na kawo ka tun lokacin gyaɗa fa? Ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a. Har yau a tsakanin biyun nan nake zaune.

Bayan sadakar arba'in na gaya wa Yaya Sani komai. Bai yi faɗa ba. Hannu kawai ya miƙo min in ɗebi jini. Na kai shi Gaya an yi masa gwajin ciwon hanta da hoton ciki, ba a ga komai ba. Ya ce shi gwajin nan nawa da ya hango naka yake so.

Na ɗiba. Jininsa yana firjin ɗakin bincike, na kasa taɓa shi. In RNA ɗin ya hau, ba zan iya ce masa yana da ciwo ba. In bai hau ba, ba zan iya ce masa ya tsira ba. Maganin da zai gyara rikicewar nan kuwa, har yanzu gwaji ake. 'Ya'yansa huɗu, Baba. Duk Juma'a sai ya kira ni, in ce masa tukuna.

Ka yafe min shirun da na yi maka. Allah ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Allah ya tsare mana Yaya Sani, ya ba ni ƙarfin zuciyar buɗe firjin nan.

'Yarka,
Rabi