Taku Ashirin da Shida

Dakota ta Arewa, 24 ga Agusta

Zuwa ga ƙawata Renita,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama Claudette da duk mutanen gida. Yaya gwiwar Mama? Yaya zafin garinmu Opelousas? Ni lafiyata ƙalau, in dai ta jiki ake nufi.

Na san za ki ce tsohuwa ta nuna halinta, har da ambulan da kan sarki. To ya zan yi? Kin toshe layina. Na kira Mama, ta ce, "'Yata, ba na shiga faɗan 'yan gudu, ni da ko tafiya da ƙyar nake yi." Amma ta ce in wasiƙa ta zo za ta ajiye miki a kan firji.

Bari in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun watan Mayu. Ranar da mai horar da mu, Koci Pettway, ya riƙa kiran mu ofis ɗaya bayan ɗaya, ke kika fara shiga. Kin fito da murmushin nan naki na ƙarya, kika ce an soke tallafin karatunki gaba ɗaya, jami'a ta rage 'yan tsere don ta ƙara wa 'yan ƙwallo, su da ke cika fili da 'yan kallo. Da na shiga, ya kasa kallon idona. Ya ce, "Odessa, daga sama aka aiko, ni ma ɗan aike ne. Naki an bar rabi." Kin san abin da Babana yake samu a gareji, rabi ba zai kai ni ko'ina ba.

A bakin matattakala muka yi alkawari, ko mu tsaya tare ko mu tafi tare. Bayan kwana uku na sa sunana a jerin masu neman sauya makaranta, ban gaya miki ba. Na ce wa kaina bari in ga ko akwai mai ɗaukar mu mu biyu. Da Koci Lindahl ta nan ta kira, Allah shaida na roƙe ta. Ta duba lokutanki na bana, shekarar da kika ƙare kina jinyar tsokar cinya, ta ce gurbi ɗaya gare ta, kuma irina take nema, mai gudun ƙarshe a tseren miƙa sanda. Na ce to. A waya kika ga hotona cikin rigar wata makaranta kafin in sami bakin gaya miki. Ba ni da hujja. Tsoro ne ya fara kama ni, sannan kunya ta hana ni magana.

Garin nan shimfiɗe yake kamar faranti, iska kuwa ba ta hutu. Abincinsu dankali da madara, barkono sai ka ce haramun ne.

Ki gaida Mama. Ki amsa ko da zagi ne.

Taki,
Odessa

*

Dakota ta Arewa, 29 ga Nuwamba

Renita,

Ina gaisuwa. Da fatan aikin kantin magani bai fi ƙarfinki ba. Mama ce ta gaya mini, kada ki yi mata faɗa. Ta ce wasiƙata ta bar kan firji, amma ba ta san inda ta nufa ba.

Dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, mun koma atisaye a cikin rufaffen fili. Hutun Bikin Godiya kowa ya tafi gida, bene guda ni kaɗai da injin ɗumama ɗaki. Ranar Litinin na ce bari in dafa shinkafa da jan wake irin na gida, kamar yadda ake yi duk Litinin. Na zaga garin nan kaf ban samu tsiran alade mai yaji ba. Na ci dai, amma ba don daɗi ba.

An haɗa ni da wadda za ta riƙa miƙo mini sanda a tseren mutum huɗu. Sunanta Britta, doguwa, 'yar manoman alkama. Yarinyar kirki ce, har kirkin ya yi yawa. Kin san yadda kike kurma mini "Ungo!" har 'yan kallo na sama su firgita? Ita tana faɗa ne kamar mai ba da haƙuri. Na ce mata, "Baiwar Allah, ba a coci muke ba, buɗe murya!" Ta ce, "To, yi haƙuri."

Koci Lindahl ta auna mana taku ashirin da uku. Kin tuna wahalar da muka sha kafin mu samo namu? Wata biyu ina ƙirgawa daga inda nake tsayawa, dunduniya na taɓa yatsa, in manna farin filasta a ƙasa, ki taho a guje, kina taka shi in tashi. Yau ki hau bayana, gobe in bar ki. Koci Pettway yana ihu, "Wadda ta waiwaya ita za ta sayi abincin kowa!" Sai ran nan muka gwada ashirin da shida, sandar ta faɗo tafin hannuna kamar dama can a nan take zaune. Shekara uku ban taɓa waiwayawa ba, don na san kina nan.

A nan ba wanda ya san ana ce mini tsohuwa. Suna kirana da cikakken sunana, cikin ladabi. Ina kewarki, aku sarkin magana. Shirun nan naki bai dace da ke ba.

Taki,
Odessa

*

Dakota ta Arewa, 6 ga Afrilu

Ƙawata,

Da fatan kina lafiya, ke da Mama. Na yi wata huɗu ban rubuto ba, na ce ko na dame ki ne. Yau kam dole, don ba ni da wanda zan gaya wa wannan ya fahimta sai ke.

Ranar Asabar muka yi tseren farko na bana a waje. Awa goma sha ɗaya a mota zuwa Kansas. Muna sauka na ji rana a fatata, ga ƙamshin ciyawar da aka yanka, kamar filinmu na da. Aka kira tseren miƙa sanda. Na je layina, na ƙirga, na manna filasta, na durƙusa. Ban ji a jikina cewa na yi wani kuskure ba.

Britta ta fito daga kwana, mu ne na biyu. Tana taka filasta na tashi. Renita, ban taɓa tashi mai kyau irin wannan ba. Na kai daidai wurin da muryarki take zuwa, ban ji komai ba, amma hannuna ya tafi baya da kansa. Ina gudu, hannu a buɗe, iska kawai nake kamawa. Can na jiyo wata murya nesa tana cewa, "Tsaya! Don Allah tsaya!" Ban waiwaya ba, ai ba a waiwaye. Sai da na ga layin iyaka ya wuce ƙarƙashin ƙafata. Alƙali ya ɗaga jar tuta, aka fitar da mu.

Britta ta zauna a ƙasa da sandar a hannu tana kuka, wai laifinta ne, ba ta da sauri. Koci Lindahl ta je wurin filastana ta ƙirga da ƙafarta a gaban kowa. Ta dawo ta ce, "Ashirin da shida. Ma'aunin wa ke nan?" Na ce na ƙawata ne. Ta ce, "To ƙawar taki tana wace ƙungiya?"

Tallafin nan shekara-shekara ake sabunta shi, Koci kuwa ta tuna mini. Saura tsere ɗaya ta yanke shawara. Amma ba shi ne ya tsaya mini a rai ba a hanyar dawowa. Muryar Britta ce. Na yi ta tunanin sau nawa kika kira ni a watan Mayu ina kallon wayar tana haske ban ɗauka ba. Sau tara ne, na ƙirga tun a lokacin.

Ki yafe mini. Ban taɓa rubuta shi ƙarara ba sai yau.

Odessa

*

Dakota ta Arewa, 4 ga Mayu

Renita, aku sarkin magana,

Gaisuwa da godiya. Ki gaida Mama, ki ce na gane rubutunta a bayan ambulan.

Saƙonki ya iso ranar Laraba. Na zazzage ambulan ɗin ina neman wasiƙa, babu, sai guntun farin filasta manne a jikin takarda. Na karanta abin da kika rubuta a kansa ya fi sau hamsin: "Ashirin da ɗaya. Yarinyar tana gajiya a ƙarshen kwana. Ba ni ce a bayanki ba, tsohuwa, ki koyi jira."

Ashe kin kalli bidiyon tseren. Kuma ba kallo ɗaya ba, don wannan ba ya ganuwa a kallo ɗaya. Na kai wa Koci, ta sake duba bidiyon, ta ce, "Wa ya ga wannan?" Na ce wadda kika ce ba ki da gurbinta. Sai ta ce a gwada.

Jiya muka yi tseren. Na ƙirga da ƙarfi kamar 'yar firamare. A ashirin da ɗaya ƙafata ta ɗaga za ta ci gaba, na tsayar da ita. Britta ta iso, ta kurma "Ungo!" yadda na koya mata, sanda ta zauna a hannuna. Mun zo na uku. Koci ta ce in zo ofis ranar Litinin in sa hannu a takardar baɗi. 'Yan ƙungiyarmu duk suka rungume ni, ni kuwa waya nake nema. Na kira layinki. Har yanzu a toshe yake.

Ba komai. Ranar tara ga Yuni zan iso gida, Litinin ce, ranar wake. Zan zo in zauna a matattakalar gidan Mama, ba zan ƙwanƙwasa ba. In kin ga dama ki daɗe kafin ki fito. Na fara koyon jiran.

Taki har kullum,
Tsohuwa